Zanen share fage da aikin da bai ƙare ba: taswira, hoto da harshe cikin ƙagaggiyar duniyar J.R.R. Tolkien

0. Gabatarwa

Galibin abin da ke zuwa hannun mai nazarin harshe ko na adabi aiki ne kammalalle: littafi bugagge, ko ƙamus, ko nahawu. Abin da ya gabaci wannan kammalawa, watau takardun gwaji da kalmomin da aka soke da zanen da aka fara aka bari, ba safai ake ganinsa ba, domin masu shi sukan yar da shi ko su ƙone shi. Cikin wannan maƙala za mu duba wani misali inda irin waɗannan takardu suka tsira da yawa, har suka fi aikin da aka buga girma. Muna nufin zane-zanen da John Ronald Reuel Tolkien (1892-1973) ya yi ta yi kusan shekara sittin saboda duniyar da ya ƙaga, wadda masu karatu da Faransanci suka sani da sunan Terre du Milieu.

Dalilin kawo wannan batu cikin takardun sashen kimiyyar harshe shi ne, Tolkien masanin tarihin harsuna ne tun kafin a san shi da rubuta labari. Ya kuma faɗa cikin wata wasiƙa ta 1955 cewa harsunan da ya ƙaga su ne tushe, labaran sun zo ne don su sama wa harsunan wurin zama. Ke nan a wurinsa taswira da hoto da baƙaƙen rubutu da ƙamus duk aiki guda ne. Tambayoyi uku za mu bi: (a) wane aiki zanen gwaji yake yi wajen gina labari? (b) ina alaƙarsa da ƙirar harshe? (c) yaya ya kamata mai bincike ya karanta abin da mai shi bai gama ba?

1. Kalmomin aiki

Da yake wannan fanni bai daɗe da shiga rubutun Hausa ba, ya kamata mu fara da daidaita kalmomi.

Zanen share fage shi ne zanen da ake yi da sauri, galibi da fensir, don a gwada wata siffa kafin a tsai da ita. Shi ne Faransawa ke kira esquisse.

Daftari shi ne rubutun da ba a tace ba, mai ɗauke da sokewa da ƙari da gyara, watau brouillon.

Kafin-matani shi ne dukan daftarori da zane-zane da jerin kalmomi da suka gabaci matanin da aka buga, idan mai bincike ya tattara su ya jera su bisa lokaci. Mun ƙera wannan kalma bisa avant-texte ta Jean Bellemin-Noël, wanda ya shigar da ita a 1972. Nazarin irin waɗannan takardu ya zama fanni mai zaman kansa a Faransa, mai suna critique génétique. Ya tashi ne daga aikin da Louis Hay da abokan aikinsa suka fara a 1968 kan takardun mawaƙin Jamus Heinrich Heine, ya kuma sami cibiyarsa, ITEM, a 1982. Abin lura a nan shi ne, kafin-matani ba tarin takardu ne kawai ba: jerin da mai bincike ya yi musu shi ne yake mai da su abin nazari, kuma jerin yana iya zama kuskure.

2. Mutumin da takardunsa

An haifi Tolkien a Bloemfontein, cikin Afirka ta Kudu ta yanzu, ranar 3 ga Janairu 1892, amma a yankin Birmingham na Ingila ya tashi. Mahaifiyarsa, wadda ta rasu a 1904, ita ta fara koya masa Latin da zane da sanin tsirrai. Bai taɓa shiga makarantar koyon zane ba. Ya yi karatu a Oksfod daga 1911 zuwa 1915, ya halarci yaƙin Somme a 1916, ya yi aiki wajen shirya babban ƙamus na Ingilishi na Oksfod a 1919-1920, ya koyar a jami'ar Lids daga 1920 zuwa 1925, sa'an nan ya koma Oksfod a matsayin farfesa har ya yi ritaya a 1959.

Takardunsa sun rabu gida biyu. A 1957 jami'ar Marquette ta birnin Milwaukee a Amurka ta sayi daftarorin The Hobbit da The Lord of the Rings da wasu ƙananan littattafai biyu kan fam 1500. Mafi yawan hotuna da taswirori da sauran takardun tatsuniyoyinsa suna ɗakin karatu na Bodleian a Oksfod. Wannan rabuwa tana da illa ga bincike, domin zanen da aka yi don wani babi yana iya zama a wata nahiya, daftarin babin kuma a wata. Ɗansa Christopher Tolkien (1924-2020) ya buga jerin littattafai 12 na daftarorin daga 1983 zuwa 1996. Wayne Hammond da Christina Scull kuma sun yi nazarin zane-zanen cikin littattafai na 1995, 2011 da 2015. An baje wani kaso na takardun a Oksfod a 2018, da kuma babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Faris daga Oktoba 2019 zuwa Fabrairu 2020.

Wani abu da ke taimaka wa mai sa kwanan wata shi ne talaucin takarda. Tolkien yakan yi rubutu da zane a bayan takardun jarrabawa na ɗalibai, da ambulan, da gefen jarida. Alal misali, taswirar farko ta tatsuniyoyin da suka zama The Silmarillion an zana ta wajen 1926 a kan takardar jarrabawa ta jami'ar Lids. Takardar kanta tana ba da iyaka: ba a yi zanen kafin mai shi ya je Lids ba.

3. Matakan zanen

3.1. Hoto da kalma sun taso tare (1914-1920)

A farkon 1914 Tolkien yana cika wani littafin zane da hotunan da ba su kwaikwayi wani abu na zahiri ba, sai yanayin zuciya, kamar tsoro da nisa. A Disamba 1914 ya yi hoton ƙasar Pohja, wadda ya samo daga Kalevala, waƙar gargajiya ta Finlan. A 1915 kuma abubuwa uku suka fito kusan a tare: hoton fenti na gaɓar tekun ƙasar alloli, mai nuna birnin Kôr tsakanin itatuwa biyu masu ba da haske, da waƙa kan wannan wuri, da ƙamus na farko na harshen Qenya. Ba shi da sauƙi a ce wannan ya riga wancan. Sunan wuri yana fitowa cikin ƙamus da tushensa, yana fitowa cikin waƙa, yana kuma ƙarƙashin hoto.

Daga wannan zamani ne kuma aka sami wani zane da ke nuna duniya baki ɗaya da siffar jirgin ruwa, da sunayen iskoki da tekuna rubuce a jikinsa cikin harshen da ya ƙaga. Wannan siffa ba ta ɗore ba. A shekarun 1930 ya maye ta da zane-zane irin na littafin kimiyya, masu nuna duniya shimfiɗaɗɗa da iska hawa-hawa a kewaye da ita.

3.2. Hoto guda, suna uku

A Yuli 1928 ya yi hoton wani daji mai duhu, ya sa masa suna Taur-na-Fúin. Can ƙasa, tsakanin saiwoyin itatuwa, akwai ƴan mutane biyu ƙanana: Beleg ne ya tarar da wani fursuna da ya tsere, kamar yadda yake cikin tatsuniyar Túrin. Da ya zo shirya The Hobbit a 1937, sai ya sake zana wannan daji da tawada, ya cire mutanen, ya kira shi Mirkwood. A ƙarshen rayuwarsa, da aka nemi hotuna don kalandar 1974, sai ya ɗauko hoton 1928 ɗin, ya rubuta masa sabon suna, Fangorn, watau daji na uku cikin labari na uku. Mutanen biyu suna nan yadda suke, da takobin ɗayansu, alhali a dajin Fangorn wasu ne daban suka ɓata.

Mai kimiyyar harshe zai gane wannan nan da nan. Siffa ba ta canza ba, abin da take nuni gare shi ne ya canza, kuma abin da ya canza shi ƴan baƙaƙe ne a ƙarƙashin hoto. Idan aka tambaya wane daji ne hoton yake nunawa, amsa ba ta samuwa sai an ƙara da wata tambaya: a wace shekara?

3.3. The Hobbit: zane gaban kuɗin ɗab'i

A ɗaya daga cikin ƴan shafukan farko na daftarin The Hobbit da suka tsira, akwai ƙaramin zanen dutse, da hannu mai nuni zuwa ga wata ɓoyayyiyar ƙofa. A wannan mataki sunan dodon Pryftan, sunan masihircin Bladorthin, Gandalf kuwa sunan shugaban wadanni ne. Duk waɗannan sunaye sun sauya ko sun ƙaura zuwa kan wani, amma dutsen da ƙofar da hannun sun kai har bugu.

Littafin ya fito ranar 21 ga Satumba 1937, kwafi 1500, da hotuna da taswirori biyu da bangon da marubucin ya zana da kansa. A nan ne muke ganin iyakar da ke zuwa daga waje. Ya so a buga asirtaccen rubutun taswirar a bayan takarda, a juye, ta yadda ba za a gan shi ba sai an ɗaga takardar ga haske, kamar yadda labarin ya ce ba a ganin rubutun sai da hasken wata. Masu ɗab'i suka ga tsada, aka bar shawarar. Ya zana rana da dodo da ja a bango, aka soke jan don rage yawan launi, aka bar baƙi da kore da shuɗi. Ke nan abin da aka buga bai zama dole ya yi daidai da abin da mai zane ya fi so ba. Wani lokaci nufinsa ya fi bayyana cikin takardar gwaji.

3.4. The Lord of the Rings: zane a matsayin kayan aiki

An rubuta wannan littafi daga 1937 zuwa 1949, aka buga shi kashi uku a 1954-1955. Francis Ledoux ya fassara shi da Faransanci a 1972-1973, Daniel Lauzon kuma ya sake fassara shi a 2014-2016. Galibin zanen wannan zamani ba a yi shi don mai karatu ba, an yi shi ne don marubucin ya ga inda yake.

Babbar taswirar aiki takardu ne da aka yi ta mannawa, wata a gefen wata, wata a kan wata, duk lokacin da labarin ya faɗaɗa ko wani yanki ya sauya. An raba ta gida-gida, kowane gida santimita 2, daidai da mil 100, watau wajen kilomita 160. Da wannan ma'auni yake lissafa kwana nawa mai tafiya a ƙasa ko mahayin doki zai yi daga wani wuri zuwa wani. Da mutanen labarin suka rabu ƙungiya-ƙungiya, sai ya ja jadawali mai ginshiƙai, kowace ƙungiya da nata, don ya san inda kowa ya kwana a dare guda. Ya ɗauki tsayuwar wata da cikarsa daga kalandar 1941-1942, domin kada wani ya ga cikakken wata a daren da wani yake ganin jinjiri. A wata wasiƙa ta 1954 ya nuna cewa daga taswira ya fara, ya sa labarin ya bi ta, domin bin akasin haka rikici yake kawowa.

Hasumiyar Orthanc misali ce mai kyau ta yadda zane ke gyara rubutu. A zanen farko gini ce ta tubalin dutse, hawa-hawa. Cikin zane-zanen da suka biyo baya, wasu a tsakiyar shafin daftari, rubutu yana kewaye da su, ta yi ta sauyawa har ta zama baƙin dutse mai ƙahoni huɗu a ƙoli. Bayanin da ke cikin babin ya yi ta sauyawa tare da zanen.

Akwai kuma shafuka uku na wani littafin tarihi na wadanni, Mazarbul, wanda mutanen labarin suka tsinta a lalace. Tolkien ya ƙera shafukan da hannunsa: ya rubuta su da baƙaƙen da ya ƙaga, ya ƙona gefensu, ya huda ramukan ɗinki, ya shafa jan launi a madadin jini. Masanin tsofaffin takardu ne yake ƙera wa kansa tsohuwar takarda, da giɓin da mai karatu zai cike da hasashe. Masu ɗab'i suka ƙi su saboda tsada. Sai a kalandar 1977 aka fara buga su, sai kuma a 2004 suka shiga cikin littafin.

4. Rubutu a matsayin zane

Inda zane da kimiyyar harshe suka fi haɗuwa shi ne tsarin baƙaƙe. Tolkien ya fara da wani tsari mai suna sarati a 1919, ya bi ta wasu gwaje-gwaje a shekarun 1920, ya iso ga tengwar wajen 1931. Manyan baƙaƙen tengwar 24 ne, jere cikin ginshiƙai 4 da layuka 6. Kowane baƙi yana da sanda da baka. Ginshiƙi yana nuna wurin furuci, layi kuma yana nuna yanayin furuci:

(1) sanda mai sauka ƙasa, baka guda: tsayau marar ziza (t, p, k)
(2) sanda mai sauka ƙasa, baka biyu: tsayau mai ziza (d, b, g)
(3) sanda mai hawa sama: zuzau, marar ziza idan baka guda ce, mai ziza idan biyu ce
(4) gajeruwar sanda, baka biyu: ɗan hanci (n, m)

Watau jadawalin baƙaƙe irin wanda muke ja wa ɗaliban shekarar farko a allo shi ne aka mayar abjadi. Wanda ya san ƙa'idar yana iya karanta baƙin da bai taɓa gani ba. Irin wannan tsari ba Tolkien ya fara shi ba: rubutun Koriya na ƙarni na 15 da tsarin da Alexander Melville Bell ya buga a 1867 sun bi wannan hanya. Rubutun boko na Hausa ma yana da ɗan kaso a ciki, domin lanƙwasar da ke kan ɓ, ɗ, ƙ, ƴ alama ce guda mai nuna siffar furuci guda, watau sa hannun maƙwallato. Bambancin shi ne, a boko wannan dabara ta tsaya ga baƙaƙe huɗu, a tengwar kuwa ita ce ginshiƙin tsarin duka.

Wasula a galibin salon tengwar alamomi ne da ake ɗorawa a kan baƙi, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san wasalin ajami. A harshen Quenya, inda kalmomi suka fi ƙarewa da wasali, ana ɗora alamar a kan baƙin da ya gabata. A harshen Sindarin, inda suka fi ƙarewa da baƙi, ana ɗora ta a kan wanda ya biyo baya. Tsarin gaɓa ne ya yanke hukuncin inda alama za ta zauna.

Hatta fuskar taswira tana da alaƙa da ƙamus. A taswirar wadanni ta The Hobbit gabas ce a sama. Su kuwa Eldar, mutanen da ke magana da Quenya, yamma suke fuskanta, saboda can ƙasar alloli take. Shi ya sa kalmarsu ta kudu, hyarmen, take nufin ɓangaren hagu, ta arewa kuma, formen, ɓangaren dama. Wannan akasin Larabci ne, inda mai magana ke fuskantar gabas, arewa ta faɗo hagunsa, kalma guda ta ɗauki ma'anonin biyu.

5. Tarihi biyu

Tolkien bai ƙera harsunansa kamar yadda aka ƙera Esperanto ba, watau tsari guda tsayayye. Yakan fara da tushen kalma na wani harshen kaka, sa'an nan ya bi da shi ta dokokin sauyin sauti har ya fito da siffofi daban-daban cikin harsuna ƴan'uwa:

(5) *galadā > Quenya alda, Sindarin galadh, "itace"
(6) tushe KWET > Quenya quetta, Sindarin peth, "kalma"

Sauyin kw zuwa p na misali (6) shi ne wanda ya raba harshen Wels da harshen Ailan cikin dangin harsunan Selt. Haka kuma jam'in Sindarin yana bin hanyar Wels:

(7) Sindarin: adan / edain "mutum", amon / emyn "tudu"
(8) Wels: bardd / beirdd "mawaƙi"

Kada a haɗa wannan da jam'in Hausa irin na gulbi / gulabe ko birni / birane, inda ake cusa wasali cikin saiwa a kuma ƙara ɗafa-ƙeya. A misali (7), wani tsohon wasali i na ƙarshen kalma ne ya janyo wasulan ciki zuwa gare shi, sa'an nan ya faɗi. Shi kuwa Quenya ya ɗauki ɗanɗanon harshen Finlan, da ɗafa-ƙeya masu nuna wuri:

(9) cirya "jirgi", ciryanna "zuwa jirgi", ciryallo "daga jirgi", ciryassë "cikin jirgi"
(10) harshen Finlan: talo "gida", talossa "cikin gida"

Wannan shi ne tarihi na farko, wanda za mu kira tarihin ciki: sauyin da aka ce harsunan sun yi cikin dubban shekaru na labari. Amma akwai na biyu, tarihin waje: sauyin da mai ƙaga su ya yi musu daga 1915 zuwa 1973. Harshen mai kama da Wels ana kiransa Goldogrin cikin ƙamus na 1917. A shekarun 1920 ya zama Noldorin, harshen wata ƙabila da ta yi hijira daga yamma. Wajen 1951 aka ɗauke shi daga hannun wannan ƙabila aka ba wata wadda ba ta taɓa barin gida ba, ya koma Sindarin. Abin da ya sami hoton daji na 1928 shi ne ya sami harshe sukutum. Har ƙananan kalmomi ba su tsira ba: kalmar lá ta Quenya tana nufin "a'a" a wani mataki, ta koma "i" a wani, daga baya ta sake komawa ta korewa.

Saussure ya koya mana bambanta nazarin harshe a lokaci guda da nazarinsa cikin tafiyar lokaci. A nan tafiyar lokaci biyu ce, kuma rikita su kuskure ne mai sauƙin aukuwa. Wanda ya ɗauko kalma daga ƙamus na 1915, ya haɗa ta da ɗafa-ƙeya ta shekarun 1930 da aikatau na shekarun 1960, ya rubuta nahawu guda, ya bayyana harshen da bai taɓa kasancewa ba ko da a kan teburin mai shi. Masu sha'awar magana da waɗannan harsuna suna yin irin wannan haɗi, kuma ba laifi idan sun faɗi abin da suke yi. Mujallu biyu da suka buga takardun harsunan, Parma Eldalamberon da Vinyar Tengwar, sun bi wata hanya: kowace takarda da zamaninta, da abin da aka soke da abin da aka rubuta a kansa.

6. Matsalar mai shirya bugu

Tolkien ya rasu ranar 2 ga Satumba 1973 bai gama babban littafin tatsuniyoyinsa ba. A shekarunsa na ƙarshe ma, maimakon rufewa, aikin buɗewa ya yi ta yi. Wajen 1960 yakan zana ƴan adon furanni da na lissafi a gefen jarida, kusa da wasan cike kalmomi, daga baya ya sake zana wasu da kyau, ya ce darduma ce ko tambarin wani gida na cikin labarinsa. A nan zane ya riga ma'ana: an yi siffar tukuna, aka nema mata wuri cikin duniyar daga baya.

Christopher Tolkien ya gwada hanyoyi biyu. A 1977, da taimakon Guy Gavriel Kay, ya tace daftarori na zamani daban-daban ya fitar da The Silmarillion a matsayin labari guda marar saɓani. Don ya cim ma haka sai da ya daidaita sunaye, ya zaɓi wata riwaya ya bar wata, ya kuma cike giɓi a babin faɗuwar Doriath. Daga baya ya bayyana a rubuce cewa wasu daga cikin shawarwarin nan bai gamsu da su ba. Daga 1983 sai ya bi hanya ta biyu: ya jera daftarorin bisa lokaci, da bayanin takarda da tawada da sokewa. Hanya ta farko ta ba jama'a littafin karantawa, ta biyu ta ba masu bincike abin dubawa. Kowace tana da amfaninta, muddin mai karatu ya san wadda ke hannunsa.

7. Kammalawa

Ga amsoshin tambayoyinmu uku a taƙaice. Na farko, zanen share fage a wurin Tolkien kayan tunani ne: da shi ake auna nisa, a gwada siffa, a gano saɓani, kuma sau da yawa rubutu ne yake bin sa. Na biyu, ƙa'ida guda ce take tafiyar da zane da harshe: a tsai da tsari mai ƴan dokoki kaɗan, a bar sakamako ya fito daga cikinsa, ko gidajen taswira ne, ko jadawalin baƙaƙe, ko dokokin sauyin sauti. Na uku, abin da bai ƙare ba ana karanta shi mataki-mataki, kowane da shekararsa, ba tare da an ɗauka cewa na ƙarshe ya fi gaskiya ko na farko ya fi asali ba.

Wannan darasi na uku ya shafe mu kai tsaye. Wanda ke kwatanta kwafi biyu na waƙar ajami guda, cikin irin takardun da ke ajiye a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH a Yamai, yana gaban tambayar da Christopher Tolkien ya fuskanta: ya haɗa su ya fitar da matani guda, ko ya nuna kowane yadda yake? Haka ɗalibin da ya dawo daga binciken karin harshe da kaye cike da kalmomi. Mun sha ganin an tace irin wannan kaye cikin kwamfuta, an daidaita rubutun sauti na makon farko da na makon ƙarshe, an yar da asalin. Ranar da mai duba aikin ya tambaya ko dogon wasalin nan an ji shi ne ko an zace shi, babu inda za a koma. Saboda haka muke ba ɗalibanmu shawara huɗu: a sa kwanan wata da sunan gari a kan kowane shafi, a soke kuskure da layi guda ta yadda za a iya karanta shi, kada a goge, a rubuta gyaran da aka yi daga baya da wata tawada daban, a ajiye kayen ko bayan an kare kundi. Da Tolkien ya kasance mai tsabtace teburinsa ne, da babu abin da wannan maƙala za ta duba.